A ware filin kasuwa da makaranta tun ranar awo

Wanda ya tashi a cikin ƙwaryar birnin Kano ya san yadda ake aiken yaro ya dawo kafin ruwan tuwo ya tafasa. Mai kayan miya yana bakin lungu, injin markaɗe yana gaba kaɗan, makarantar allo tana zauren malam. Masallaci kuwa, sai ka ji kiran salla sannan ka yi alwala, kuma ka samu sahun farko. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, wurin kwana da wurin sana'a tare suka ginu a garin nan. Unguwannin Dukawa da Soron Ɗinki sunan sana'arsu suka ci, marinar Ƙofar Mata kuma har yau tana tsakiyar jama'a.

To a leƙa inda garin yake miƙewa yanzu, bayan Ɗanbare ko Mariri ko hanyar Panshekara. Gona ce bara, bana dillali ya zo da igiya ya yanka ta fuloti-fuloti, ya sayar har taku na ƙarshe. Babu filin firamare, babu na asibitin sha-ka-tafi, wani wurin ko maƙabarta ba a bari ba. Sai gidaje sun cika sannan a fara kafa kwamitin unguwa ana karo-karo don sayen kangon da za a yi makaranta, a farashin da ya ninka na farko. Na ga mace da tsohon ciki tsaye a rana tana jiran adaidaita sahu don zuwa awo, ga ɗanta riƙe da gefen hijabinta, ba inuwa, ba wurin zama, ga buɗaɗɗiyar kwata a gabansu. Wannan wahalar tun ranar da aka ja igiya aka rubuta mata ita.

Rukunin gidajen gwamnati ma ba su tsira ba. Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, suna da kwalta da tsari mai kyau, amma gidaje da yawa sun shekara da shekaru babu kowa a ciki. Tsada tana cikin dalilai. A ganina nisa ma yana ciki, domin magidanci yana lissafin kuɗin motar 'ya'yansa kafin ya tare.

Lissafin nan ya ƙara nauyi. An hana acaɓa a Kano tun Janairun 2013. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Gadojin sama na Ƙofar Nasarawa da Ɗangi sun sauƙaƙa wa mai mota, ban musa ba, amma mafi yawanmu da ƙafa muke fara fita kowace safiya. Hatta Paris, tun da magajiyar garin ta lokacin, Anne Hidalgo, ta rungumi tsarin "birnin minti 15" a 2020, abin da take nema ke nan: buƙatar yau da kullum ta kasance kusa da gida.

Za a ce cikin gari ai cunkoso ne, akwai lungun da motar kwana-kwana ba ta shiga. Gaskiya ne, kuma ba ƙuncin nake so a kwaikwaya ba. Za a ce shago a unguwa hayaniya ce. Wannan ma akwai ƙanshin gaskiya, shi ya sa mai walda da injin niƙa suke buƙatar nasu layin, tela da mai kemis kuma su zauna a ƙasan bene, iyali a sama.

Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma yaran da aka haifa a shekarar sun fara tunanin inda za su zauna da iyali. Roƙona ga hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA, da dagatai da masu unguwanni shi ne kada a sa hannu a kan kowane awo sai an fitar da filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, an kuma bar gefen titi na masu tafiya da ƙafa, da rufaffiyar kwata da darbejiya a jere. Filayen nan a yi musu takarda da sunan al'ummar unguwa, a kafa allo a wurin, don kada bayan shekara biyar a wayi gari an yanka su shaguna.