A kai su kotu mana

Salam. Labarin nan na mutanen da aka tsare shekara da shekaru bisa zargin ta'addanci ba a kai su gaban alƙali ba ya taɓa ni wallahi. Ni daga wajen Kafin Hausa nake, kuma ba na goyon bayan Boko Haram ko kaɗan, duk wanda ya kashe mutane a hukunta shi, amma zargi ai ba hujja ba ne jama'a. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, to ina kwana biyu ina shekara bakwai?

Ku tuna shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram da aka fara a Kainji ta Jihar Neja a Oktoban 2017, zaman farko mutum 45 aka yanke wa hukunci, aka sallami 468, wato yawancinsu ba abin da za a riƙe su da shi kenan, kuma wa zai biya su shekarun da suka ɓata? Yaranmu da yawa ci-rani suke tafiya Borno, wasu kamun kifi Baga, in kame ya rutsa da su shi kenan, uwa ba ta san yana raye ba, matarsa ba takaba ba aure, gona ta zama saura.

Amurka ma ta buɗe kurkukun Gwantanamo na tsare waɗanda take zargi da ta'addanci tun 2002 har yau ba ta rufe ba, to mu ba sai mun kwaikwaye su ba. Gwamnati ta ƙaro alƙalai da lauyoyi, a riƙa faɗa wa iyalai inda 'ya'yansu suke don Allah.