Masu Ƙirga Eka Sun Manta da Bakin Ruwa

Duk lokacin zafi sai hotunan nan su sake cika kafafen sada zumunta a Amurka da Kanada: wani ya ciro dunƙule mai yauƙi daga tafki, girmansa ya kai ƙwallon kwando, a yi ta cewa ƙwan dodo ne. Haka aka yi a 2017 da aka gan shi a tafkin Lost Lagoon na birnin Vancouver. Masu hoto ba su dame ni ba. Ƙorafina yana kan ƙungiyoyin riƙon amanar filaye, wato masu kare filaye daga gini da sara, waɗanda ke alfahari da yawan ekar da suka killace, alhali bakin ruwan da ke cikin ekar ba ya samun rabin kulawar da itatuwa ke samu.

Dunƙulen nan tarin dubban ƙananan dabbobi ne da ake kira burayozowa, nau'in Pectinatella magnifica, wanda Joseph Leidy ya bayyana a 1851. Kowace ɗaya na da gasu a kewayen baki, da su take tace gansakuka da ƙananan halittu daga ruwa. Ba sa kafuwa sai sun sami abin maƙalewa, yawanci reshen da ya faɗo daga daji ya nutse. Sanyi na shigowa tarin ya mutu, ya bar ƙwayoyin iri masu faɗin kusan milimita 1, masu ƙugiyoyi a gefe. Ƙwayoyin na jure ƙanƙara da fari, kuma suna bin gashin agwagin ruwa zuwa wani tafkin. Ke nan wanda ya sare itatuwan gaɓa, ko ya kwashe rassan da suka nutse wai yana tsaftace tafki, ya rushe musu gida, sannan lakar da zaizaya za ta koro ta toshe musu baki.

Ƙididdigar 2020 ta Land Trust Alliance, uwar waɗannan ƙungiyoyin, ta nuna sun kare eka miliyan 61 a Amurka. Adadin na da daɗin ji, amma eka ba ta gaya maka ko shanu na tattake gaɓar rafi. Wani babban kaso na aikin yarjejeniya ce: mai fili ya riƙe filinsa, ya sarayar da haƙƙin gini ko sara har abada, ya sami rangwamen haraji. Mun ga inda auna komai da kuɗi ya kai, domin sai da majalisar dokokin Amurka ta sa doka a Disambar 2022 don taka birki ga 'yan damfara masu kumbura darajar fili saboda su sami rangwamen haraji mai yawa. Abin da ba a rubuta a takardar ba kuwa, babu kotun da za ta tilasta shi, ko da fili ya sauya hannu sau goma.

Masu cewa burayozowa na toshe bututu, ko wasu nau'o'inta na ɗauke da ƙwayar cutar ƙodar da ta kashe dubban kifaye a kogin Yellowstone a 2016, su tuna cewa ɗumin ruwa ne ke rura cutar, kuma sare inuwar gaɓa na ƙara ɗumin.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. A rubuta cikin kowace yarjejeniya cewa aƙalla mita 30 daga bakin ruwa ba sara, ba noma, ba kiwo, kuma itacen da ya faɗa ruwa a bar shi inda ya faɗi. Rahoton farko na halin da fili ke ciki ya haɗa da ruwan, a yi shi a Agusta ko Satumba lokacin da tarin ke bayyana. Mai zagayen shekara-shekara kuma ya sa takalmin roba ya shiga ruwan, ya ɗaga reshe ya duba ƙarƙashinsa.