Ƙyallin libarba da adakar mafarautanmu

Bidiyoyin da ke nuna yadda ake goge libarba har mutum ya ga fuskarsa a jikinta sun iso wayoyin matasa a ƙauyukan Kano da Jigawa, kuma abin da ido ya gani ya yaba, hannu yakan so ya gwada. Shi ya sa akan sami yaro ya ɗauko adakar mahaifinsa, ko wadda kakansa ke fita da ita cikin 'yan bindiga ranar hawan Sallah, ya hau ta da samfefa yana neman ta yi walƙiya irin wadda ya gani. A ganina wannan aiki ɓarna ce, kuma dalilin yana cikin ƙarfen kansa.

Libarbar da ake gogewa a bidiyoyin nan an ƙera ta ne da ƙarfen da ba ya tsatsa, dangin wanda ake yin cokula da wuƙaƙen girki da shi. Wannan ƙarfe yana ɗauke da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda idan ya haɗu da iska yakan yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ce ke hana danshi kama shi, kuma ko an kankare ta sai ta sake rufewa da kanta. Harry Brearley ne ya samar da shi a birnin Shafil na Ingila a 1913, yana tsakiyar neman maganin zaizayewar cikin bututun bindiga, sai dai kamfanin Smith & Wesson na Amurka bai fitar da libarbarsa ta farko da aka yi da shi ba, wato Model 60, sai a 1965.

Masu aikin a bidiyoyin nan sukan tabbatar babu harsashi, su warware bindigar, su fara da samfefa mai lamba 400 ko 600 da aka jiƙa da ruwa, su riƙa hawa mataki-mataki zuwa mafi laushi har lamba 2000, sannan su ƙarasa da man goge ƙarfe irin su Autosol ko Flitz da tsumma mai laushi. Ko a wurinsu ma akwai gardama. Kowace guga tana cin ƙarfe, don haka idan hannu ya yi nauyi kusurwoyi sukan dakushe, rubutun kamfani ya dushe, darajar bindigar ta faɗi a idon masu tara tsofaffin bindigogi. Masu hankalinsu sukan bar samanta ba ƙyalli, domin hasken rana da ya dawo cikin ido yana ɓata saiti.

Adaka kuwa ƙirar maƙeranmu ce, da baƙin ƙarfe, sau da yawa bututunta ma asalinsa an yi shi ne don wani aikin daban, kuma babu kuromiyom ɗin da zai kare shi. Baƙin da ke jikinta, wanda yaron ke ɗauka datti ne, shi da man da aka shafa shekara da shekaru su ne garkuwarta. Idan aka kankare ta ta yi fari tas, to kwana kaɗan cikin damina a jingine da bangon ɗakin ƙasa sun isa a ga jar tsatsa ta feso mata. Abin ya fi muni idan aka kai ta wurin mai walda ya ɗora mata injin guga, domin yana rage kaurin bututun da dama ba a san ƙarfinsa ba. Maharbi kuma ya fi kowa sanin cewa gada ko zabon daji ba sa tsayawa jiran ƙarfe mai walƙiya.

Hatsarin gaske yana ciki, inda samfefa ba ta kaiwa. Tokar albarushi tana jawo danshi, kuma idan ba a wanke bututu da ruwan zafi an busar an shafa mai bayan harbi ba, takan ci shi daga ciki a hankali har ranar da za a cika shi don burge jama'a ya tarwatse a hannun mai shi. Bindigar da ke sheƙi a waje tana ruɓewa a ciki ta fi baƙar bindigar haɗari, saboda takan sa mai ita ya saki jiki da ita.

Ya kamata a tuna ma cewa dokar makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin bindigogin da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, yayin da ta bar lamarin bindigogin ɗure irin adaka a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda ya goge alama ko lamba daga jikin bindiga ya jawo wa kansa tambayoyin da zai wahala wajen amsawa.

Masu son gugar suna da hujja guda da ba zan raina ba: hawa ado ne, kuma idan ana yi wa doki kwalliya tun daga linzami har jalala, ba laifi ba ne ɗan bindiga ya so kayansa su yi kyau. To, ga ƙotar katako a shafa mata mai, ga zobban tagulla a wanke su, ga maɗaurin fata a sabunta. Tun da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, tsofaffin bindigogin da ke gidajen 'yan bindiga a nan da masarautun Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse sun zama kayan tarihi, kuma zanen da maƙeri ya yi musu idan ya gogu ba ya dawowa. Abin da ya fi dacewa shi ne Sarkin Baka da Sarkin Maƙera na kowace gunduma su riƙa tara bindigogin kafin Sallah da kafin fita farauta, a duba cikin bututun kowace, wadda ta ciwu a jingine ta a daina ɗura mata albarushi.