Wa zai yi wa Gidan Makama yaɓe?

Jama'a, muna yawan bugun ƙirji da Gidan Makama, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna a ƙarni na 15 kafin ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Haka Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Bature Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Duka biyun yanzu gidajen tarihi ne, ana kai 'yan makaranta, ana ɗaukar hoto a gaban zanko. Madalla. To amma magina nawa suka rage da za su iya gyara su yadda aka gina su?

Ginin ƙasa kullum yana neman hannu. Damina ta wuce, a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Ku ɗaga kai a cikin soro ku kalli rufin. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, sai dai ba ta ɗaukar nauyi in an miƙa ta da tsawo. Shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a jera azara gaɓa-gaɓa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har ta rankwafo ta haɗu a sama, ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Bangon tubali kuwa akan shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, rufi a yi masa laso, wato shafen hana ruwa shiga, wanda ake haɗawa da katsi, gurɓin shuni da ake kwasowa daga marina. Wannan ilimi a hannun Sarkin Magina da yaransa yake, ɗa yana koya a gindin uba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne gyaran siminti. Wai an zamanantar! Siminti ba ya kama ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, waje kuwa sumul.

Ku dubi Agadas. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, kuma hasumiyar masallacinsu mai tsawon mita 27 tana tsaye ne domin ana hawa itatuwan jikinta ana yaɓe ta.

Ni a ganina, in an ware kuɗin gyaran waɗannan gidaje, a fara da tsofaffin magina na cikin birni. A biya su, a haɗa kowanne da samari, har da ɗaliban zanen gini na jami'o'inmu, su shiga kwaɓa da ƙafarsu.