Tutar da ta ƙi tsayawa

Tunda mijin Yaya ya riga ya baza nasa labarin a kan na'urar da na haɗa, bari ni ma in faɗi nawa.

Na'urar ba wata mai wuya ba ce. Ɗan allon ESP8266 mai kama Wi-Fi, da 'yar motar servo SG90 (ɗan injin da ke ɗaga tuta), da ƙararrawa 'yar mitsitsiya. Akwati da tuta kuwa a firintar 3D na buga su da robar PLA, ja wur. Idan imel ya shigo daga wurin aiki, tuta ta miƙe, ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, in huta da leƙen waya. Saƙon ta MQTT yake bi, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori: saba ce, wato wata kwamfuta a intanet, a tsakiya ke karɓa, ta miƙa wa na'urar. A ɗakina lafiya lau take aiki, Allah ne shaidata.

Sai na kai ta gidan Yaya ranar da kowa ya hallara. Na ce a ba ni caja. Mijin Yaya ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da wata tsohuwar caja da ta yi ɗorawa don tsufa, wayarta siririya, an naɗe wuyanta da salatif. Ku riƙe wannan cajar a ranku.

Na jona, na tura saƙon gwaji. Tuta ta miƙe cak, ƙararrawa ta ce tiit. Yara suka yi tafi, Yaya ta ce, "Kai, auta, ashe da gaske kake!" Na gyara tsayuwa, na buɗe baki zan fara bayani, sai tuta ta kwanta. Ta sake miƙewa. Tiit. Na ce ai saƙo na biyu ne ya shigo. Ta kwanta, ta miƙe. Tiit. Na ce yau aiki ya yi yawa a ofis. Ranar Lahadi ce fa.

Abin da ke faruwa shi ne, servo idan za ta motsa takan zuƙi wuta da yawa lokaci guda. Cajar ba ta da ƙarfin ba ta, sai wuta ta faɗi, allon da ke neman volt 3.3 ya suma ya farfaɗo. Da ya farfaɗo ya koma intanet, saba ta sake miƙa masa saƙon ƙarshe, domin an saita ta ta riƙa adana shi. Shi kuma bawan Allah ya ɗauka sabo ne, ya ɗaga tuta, ya sake suma. Duk wannan a lokacin ba wanda zai saurara, don ƙaramar 'yar Yaya ta fara ƙirgawa da ƙarfi.

A wajen na goma sha wani abu tutar ta cire. Ramukan da firinta ke bugawa sukan fito a matse, shi ya sa na ɗan yalwata nata da wuƙa. Ta yi sama ta dira a cinyar mijin Yaya. Hannun servo ya ci gaba da ɗagawa tsirara, ba tuta ba dalili. Gumi ya karyo min, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi kuwa ya ɗauki tutar, ya juya ta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ƙanina, wai ita wayar taka ba ta ƙara ne idan saƙo ya shigo?"

Wannan mutumin fa, kun san shi. Shi ne ya taso ni da daddare wai rimot ya lalace, na je na tarar ya sa batir a juye. Shi ne har yau yake rubuta lambar sirrin Wi-Fi ɗinsa a bayan kalanda. Caja mai kyau tana nan a gefen gadonsa, na gan ta da idona, amma sai ya tono wadda ya gada. Kuma duk rashin iya wayarsa, ranar nan bidiyon da ya ɗauke ni ya fito tar, har da zumin a fuskata.

Daga baya na sa kafasito, wato ɗan abin da ke adana wuta, mai microfarad 470 a layin wutar servo, na sake buga tuta, yanzu ko gezau. Na ce wa Yaya zan sake kawowa, ta ce in bari sai an kwana biyu, amma idan firintar na nan in buga mata abin rataye makulli. Tsohuwar tutar kuma tana wurinsa, wai da ita yake sa alama a littafi.