Lambobin likitan soja ba kayan jefawa a sito ba ne

Tun da Gidan Tarihin Yaƙi na Landan ya sanar a 2025 cewa zai rufe zauren lambobin jarumta, wanda attajirin Birtaniya Lord Ashcroft ya zuba fam miliyan 5 aka buɗe a 2010, abin yake sosa mini rai. Wai suna neman wurin da za su nuna yaƙe-yaƙen bayan 1945. Sai ka ce duk gidan ɗaki ɗaya ne.

Akwai masu cewa jera lambobin yabo a gilashi tallar yaƙi ce, zamaninta ya wuce. Mai wannan magana bai taɓa tsayawa ya karanta sunayen da ke ƙarƙashin lambobin ba. A duk tarihin Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, mutum uku kacal suka same ta sau biyu. Biyu daga cikinsu likitoci ne: Arthur Martin-Leake da Noel Chavasse. Bandeji ne makaminsu.

Ɗauki Chavasse, wanda lambobinsa suna cikin waɗanda aka baje a zauren. Ɗan babban limamin cocin Libaful ne, ya yi tseren mita 400 a gasar Olamfik ta 1908 tare da ɗan'uwansa da suke tagwaye. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya bi bataliyar Liverpool Scottish a matsayin likitanta. A 1915 ya samu lambar jarumta ta Military Cross a Hooge ta ƙasar Beljiyam. A watan Agusta na 1916, a Guillemont ta Faransa, ya wuni yana ɗaure raunuka a fili ana ruwan harsashi, dare ya yi ya shiga lalube cikin duhu yana bin nishin waɗanda suka faɗi, har ya kai taku kaɗan da ramukan Jamusawa. Ɓarɓashin bam ya same shi a kwiɓi, bai fasa ba. Mutum wajen 20 ya ceto. Bayan shekara guda, a Wieltje, aka ji masa rauni a ka, ya ƙi barin majinyatansa, har bam ya faɗa cikin ramin da yake aiki. Ya mutu ranar 4 ga Agusta 1917, yana da shekara 32, yana muƙamin kyaftin. To, wane yaro ne zai ji wannan ya tashi da kwaɗayin yaƙi?

Wasu kuma ƙorafinsu Ashcroft ne, wai attajiri ɗan siyasa ya mayar da gidan gwamnati falonsa. Ai ba fuskarsa ake zuwa kallo ba. Ni ma ban ji daɗin yadda aka sayar wa Ashcroft lambobin Chavasse a 2009 kan kusan fam miliyan ɗaya da rabi ba, kamar ana sayar da doki. Amma gara a gilashi, kowa ya gani kyauta, da a ce suna kulle a ma'ajiya.

Ni fa ba manyan lambobin ne suka fi taɓa ni ba. A jerin nasa akwai Tauraron 1914 da lambobin halartar yaƙi, irin waɗanda ake ba kowa, daga likita har mai ɗaukar makara. Ire-irensu ne kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka dawo da su daga ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Ina yaro na ga ɗaya wurin wani tsohon soja a unguwarmu, naɗe da tsumma cikin gwangwanin madara, zaren ya koɗe. Da ya rasu babu wanda ya san inda ta shige. Mu dai talauci da rashin kula ne suka cinye mana namu. Su kuma fa, masu kuɗi da ma'aikata da na'urar sanyaya ɗaki, mene ne uzurinsu?

Idan Landan ta gaji, a kai na Chavasse Libaful, garin da bataliyarsa ta fito, a ware musu ko da kusurwa ɗaya ce. In ba haka ba, mai son ganin shaidar aikinsa sai ya tafi maƙabartar Brandhoek a Beljiyam, inda aka sassaƙa lambar Victoria Cross sau biyu a kan dutsen kabarinsa.