Ɗaukar Jariri Idan Ya Yi Kuka Ba Ya Sangarta Shi

Sau da yawa ana ce wa mai jego, "Bar shi ya yi kukansa, kada ki saba masa da hannu." Wai yawan ɗauka ne ke sangarta yaro. Ba haka ba ne. Jaririn wata uku bai san wayo ba, kuka ne bakinsa: ko yunwa, ko ya jiƙe da fitsari, ko ɗumin jiki kawai yake nema.

A binciken da masana halayyar yara Silvia Bell da Mary Ainsworth suka fitar a 1972 kan iyalai 26 a Baltimore ta Amurka, jariran da ake saurin lallashi a watannin farko sun fi ƙarancin kuka da suka kusa shekara. Kuma ba sai uwa ba. Kaka ko yaya mai goya shi kullum, ita ma yana shaƙuwa da ita.